Ludlow Ta Idon Magini: Abin Da Na Gani a Bayan Bango

Sana'ata gyaran tsofaffin gine-gine ce, ita ce kuma ta zaunar da ni a Ludlow, wani ƙaramin garin kasuwa a gundumar Shropshire ta yammacin Ingila, daf da iyakar Wales. A Zariya na fara ɗaukar kwaɓi a hannun magina masu aikin tubali da azara. A nan kuma rayuwa ta ɗora ni kan tsani, ina ɓamɓare siminti daga jikin gidajen da suka girmi kakan kakana. Nawa labarin ke nan a taƙaice, sauran duk na garin ne, domin wanda ya daɗe yana leƙa bayan bangon mutane da cikin rufinsu ya san gari ta fuskar da ɗan yawon buɗe ido ba ya gani. Abin da zan faɗa, ko idona ya gani, ko hannuna ya taɓa, ko kuwa tarihi ne sananne.

Mutanen garin dubu 10 ne da 'yan kai, amma gine-ginen da hukuma ta sa a rajistar kariya sun kusa 500. Wannan ne ya sa irinmu ba ma rasa aiki.

Fada ce ta haifi kasuwa, kasuwa ta haifi gari. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, gidan de Lacy ne suka sami wannan yanki domin su tsare shi daga mutanen Wales, suka gina fadar dutse a kan tsaunin da ke kallon kogin Teme tun ƙarni na 11 bai ƙare ba. A ƙarni na 12 aka tsara gari a gabanta da awo. Fili mai faɗi ya miƙe gabas daga ƙofar fada domin cin kasuwa, tituna irin su Mill Street da Broad Street suka gangara kudu zuwa kogi. Aka yanka filaye sirara dogaye, fuskarsu a titi. Fuskar da yawansu ba ta wuce mita 10 ba, amma tsawon ya ninka haka sau da dama. Kowa bakin titi yake so saboda ciniki, sai aka ba kowa kaɗan: shago a gaba, ɗakin kwana a sama, wurin aiki da lambu a baya. Har yau in ka sa tef a fuskar gidajen Broad Street za ka tarar awon nan yana nan, ko da an rushe gidan an sake shi.

Tsakanin filin kasuwa da ginin Buttercross, tsohon wurin sayar da man shanu, akwai lunguna huɗu a jere, Church Street da Harp Lane da High Street da Market Street. Baƙo yakan ɗauka haka aka tsara su. Ina! Da can fili ɗaya ne. Masu rumfa ne suka riƙa barin rumfunansu a kafe bayan an tashi kasuwa, yau a sa rufi, gobe a ja bango, jibi a ɗora bene, har layukan rumfuna suka zama layukan gidaje. Shi ya sa gidajen wurin ba su da lambu ko tsakar gida, shi ya sa kuma gyaransu ke ba mu wahala. Babu inda za ka zube yashi, ƙarafan hawa kuwa ba za ka kafa su ba sai ka nemi izinin tare hanya.

Kasuwar tana ci a filin Castle Square ranakun Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. Alhamis ta biyu da ta huɗu a kowane wata ta manoman kewaye ce, waɗanda ke kawo abin da suka noma ko suka sarrafa da hannunsu. Wasu Lahadin kuma masu tsofaffin kaya ne ke baje kolinsu. Majalisar gari ce ke kula da rumfunan, ita ke karɓar kuɗin rumfa. Za ka ga cuku iri-iri, burodi, ƙwai, zuma, kifi a cikin mota mai sanyi, shuke-shuke a tukwane, safar ulu, tuffa kuma tana cika kasuwa a Satumba da Oktoba. Doka ta ce a auna da kilo da giram, amma tsofaffi har yau da laba suke tambaya, mai rumfa ya ɗora giram 454 bai ce uffan ba. Ba a taya kayan abinci. Farashin da aka rubuta shi ne farashi, sai dai in kasuwa ta kusa tashi mai kayan gwari yakan sauke da kansa. Wurin masu tsofaffin kaya ne kaɗai ake neman ragi, shi ma kaɗan, kuma da ladabi. A da akwai babban zauren kasuwa na jan bulo a filin, wanda aka gina a 1887, aka rushe a 1986. Dattawan garin har yanzu ba su daidaita ba kan ko an yi asara ko an huta.

Fadar kango ce yanzu, ana biyan kuɗi a shiga. Babbar hasumiyarta asali ƙofar shiga ce. Daga baya aka toshe ƙofar aka buɗe wata a gefe, kuma in ka tsaya bakin ramin da aka sassaƙa cikin dutse za ka ga alamar bakan da aka toshe. A tsakar ciki akwai ƙaramin ɗakin ibada mai siffar da'ira na ƙarni na 12, irinsa kaɗan ne suka rage a Ingila. Manyan mutane sun zauna a nan. Sarki Edward na Huɗu ya aiko ɗansa a 1473 domin ya tashi a Ludlow, daga nan kuma yaron ya kama hanyar Landan a 1483 bayan rasuwar ubansa, aka sa shi da ƙanensa a Hasumiyar Landan, ba a sake ganinsu ba. Yarima Arthur, wan Henry na Takwas, a wannan fada ya rasu ranar 2 ga Afrilu 1502, yana da shekara 15, 'yan watanni bayan aurensa da Catherine ta Aragon. Da ya rayu, da ƙanensa bai gaji sarautar da matar ba.

Amma abin da ya fi yi wa garin tasiri shi ne majalisar da ke mulkin Wales da yankunan kan iyaka, wadda ta yi kusan shekara 200 tana zama a fadar. Inda kotu take, nan alƙalai da lauyoyi da masu ƙara suke, su kuwa suna buƙatar masauki da abinci da tela. Kuɗin ulu ne ya fara gina garin, kuɗin shari'a ya ƙawata shi. Da aka soke majalisar a 1689 sai fadar ta rasa mai ita, daga bisani aka kwashe dalmar rufinta, ruwa ya samu hanya.

Ga yadda ruwa ke cin irin wannan bango. Ba dutse ɗaya ba ne daga fuska zuwa fuska. Fuska biyu ce ta jerarren dutse, tsakiya kuma tarkacen duwatsu ne da kwaɓin farar ƙasa. In babu rufi, ruwan sama yana shiga ta kai, ya wanke kwaɓin tsakiya, ya bar kogo. Sanyi ya zo, ruwan ya daskare, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa cika da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta tura fuskar waje. Bana kaɗan, baɗi kaɗan, wata rana bango ya yi ciki ya zube. Dutsen yankin ma ba ya taimakawa, domin mai laushi ne, ɓawo-ɓawo yake saɓulewa. Laka ce ta ƙarƙashin teku da ta daskare sama da shekara miliyan 420 da suka wuce, har masana duwatsu na duniya suna kiran wancan zamani da sunan Ludlow, kuma sau da yawa in ka fasa dutse za ka ga bawon ƙananan halittun ruwa a ciki. Maganin dai a rufe kan bangon, ko da duwatsu da aka sake jerawa cikin farar ƙasa da ɗan gangare, ko da shimfiɗar ciyawa mai saiwa marar zurfi wadda ke shanye ruwa ta kuma kare dutse daga sanyi.

Ganuwar gari, wadda aka fara a 1233, ta nuna mana wannan a fili. A Fabrairun 2013, bayan shekarar da ruwa ya yi yawa ƙwarai, wani sashe nata da ke riƙe da ƙasar maƙabartar coci ya zube. Bangon da ke tare tudu, in ƙasar bayansa ta sha ruwa kuma babu kafar da ruwan zai fita, nauyin ya fi ƙarfinsa. Shekaru aka kwashe ana jayayya kan wanda gyaran ya rataya a wuyansa. Cikin ƙofofin ganuwar guda bakwai, Broad Gate ce kaɗai ta rage, an kuma ɗora mata gida a kai. Mota ɗaya ke wucewa a lokaci guda. In ka shiga ƙarƙashinta ka ɗaga kai, za ka ga tsagar da ƙyauren ƙarfe ke bi ya sauko.

Cocin St Laurence ya yi wa garin girma, alamar dukiyar da fatake suka tara. An sake gina yawancinsa a tsakiyar ƙarni na 15, hasumiyarsa ta haura mita 40, matakalarta kusan 200, a murɗe, a matse. Daga sama ake ganin tsarin garin sarai, a ga tsaunin Clee ta gabas. Ƙararrawarsa tana kaɗa waƙa sau huɗu a rana, ma'aikata da yawa da ita suke sanin lokacin cin abinci ya yi. Abin da na fi so a ciki shi ne kujerun mawaƙa. Kowace kujera ana ɗaga ta, a ƙarƙashinta akwai ɗan katakon da mai tsayuwar ibada zai jingina a kai, an sassaƙa masa hoto. Guda 28 ne na ƙarni na 15. A ɗaya an zana wata mai sayar da giya wadda ke tauye mudu, shaiɗan ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi wuta da ita, mudun yana hannunta. Garin kasuwa ne, ya san laifin da ya fi yi masa ciwo.

Yanzu ga gidajen katako, waɗanda su ne ainihin aikina. Wanda kowa ke ɗauka a hoto shi ne otal ɗin Feathers da ke Bull Ring, wanda wani lauya mai suna Rees Jones ya gina a 1619 ya zama gidansa. Bene uku ne, kowane bene ya turo gaba ya wuce na ƙasa, fuskar duk sassaƙa. Irin wannan gini da itacen ok ake yinsa, ɗanye, domin busasshe ya fi ƙarfin kayan aikin wancan zamani. Ana haɗa ƙashin gidan a ƙasa a filin kafinta, a feƙe harshe a wannan gungume, a huda rami a wancan, a yi wa kowace mahaɗa lamba da kurfi, a warware, a kawo wurin gini a tayar. Lambobin suna nan, mukan gan su in mun buɗe bango. Ba a sa ƙusar ƙarfe, domin ruwan jikin ok yana cin ƙarfe ya bar baƙin tabo. Ƙusar itace ake bugawa, ita ma ta ok, tsagaggiya ba yankakkiya ba. Dabarar ita ce a goce hudar harshen da ta ramin da kamar milimita 3, yadda in ƙusar ta shiga za ta ja mahaɗar ta matse. In gocin ya yi yawa harshe ya tsage, in babu shi mahaɗa ta saki bayan itacen ya bushe. Itacen kuwa a hankali yake bushewa, kamar inci ɗaya na kauri a shekara, yana murɗewa yana tsagewa. Karkacewar da ake gani a tsofaffin gidaje yawancinta ta faru ne tun suna sababbi, kuma ba ita ce abin tsoro ba.

Tsakanin gungume da gungume ana kafa sanduna a tsaye, a saƙa tsumagu a kansu, a yaɓe da yumɓu da aka kwaɓa da kashin shanu da ciyawa, a shafe da farar ƙasa. Wannan yaɓe ba shi da nauyi, yana bin motsin katako, in ya jiƙe ya bushe. Mutanen baya sun cire shi a gidaje da yawa sun sa bulo, sai nauyi ya ƙaru, ruwa kuma ya riƙa kwanciya tsakanin bulo da itace. Baƙi da farin da ake yi wa gidajen ma yawanci ado ne na ƙarni na 19. Asali itacen launin toka yake, ko a shafe shi da farar ƙasa tare da bangon. Baƙin fenti mai kauri na zamani yana daga cikin maƙiyanmu, domin yana tsagewa, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita.

Inda gida ke fara mutuwa shi ne gungumen ƙasa, wanda dukan ginshiƙai ke zaune a kansa. Titi yana ƙara tudu duk lokacin da aka sake shimfiɗa shi, har gungumen da ya kamata ya zauna a kan dutse sama da ƙasa ya koma daidai da ita, ruwan da ke fantsama ya jiƙa shi. Ka soka masa tsinken ƙarfe. In ya shige kamar cikin burodi, aiki ya samu. Ana tallafe benen da turakun ƙarfe, a yanke ruɓaɓɓen kaɗai, a sassaƙa sabon ok a haɗa shi da tsohon da doguwar mahaɗa mai gangare, a buga ƙusar itace ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙa'idar ita ce a bar tsohon itace gwargwadon iko. Ƙwaro ma yana nan, iri biyu. Ƙaramin yana barin huda ta milimita 1 zuwa 2. Babban, mai huda ta milimita 3, shi ne ake jin yana ƙwanƙwasa kansa a jikin katako da dare tsakanin Afrilu da Yuni, tsutsarsa kuwa takan yi shekaru tana ci daga ciki. Masu gida sukan so a zo a yi feshi. Feshi ba ya kai wa tsakiyar gungume, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwaron itace mai danshi da ya fara ruɓa yake bi. Ka nemo inda ruwan ke fitowa. Sau da yawa indararo ne da ganye ya toshe, aikin da tsani da bokiti za su gama cikin awa ɗaya a watan Nuwamba.

Babbar ɓarnar da aka yi wa garin, a ganina, siminti ne, kuma da kyakkyawar niyya aka yi ta a ƙarnin da ya wuce. Duk wanda ya ga an yi wa ginin ƙasa filastar siminti a birnin Zariya, bayan 'yan damuna ta kumbura ta faɗo da rabin bango, ya san ciwon. Siminti ya fi dutsen da bulon ƙarfi, ba ya lanƙwasa, ba ya barin danshi ya fita. Ya yi 'yar tsaga, ruwa ya shiga, ya maƙale, sai dutsen ya ci gaba da narkewa a bayansa. Za ka ga layukan siminti sun yi tsaye cirko-cirko, dutsen da ke tsakaninsu ya lotsa.

Farar ƙasa ita ce magani, amma tana son haƙuri. Ana ƙona dutsenta a zafin da ya kai digiri 900, a zuba ƙonannen cikin ruwa, ba ruwa a kansa ba, ya tafasa da kansa. Tabarau da safar hannu dole ne, ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa. A tace, a bar kwaɓin a ƙarƙashin ruwa aƙalla wata uku. In ba a bari ya nuna ba, ƙananan ƙwayoyi za su fashe a jikin bango daga baya. Awon da aka saba shi ne kashi ɗaya na kwaɓi, uku na yashi mai kaifi, ba mai laushi ba. In filasta ce a ƙara gashin akuya ko na doki, a warware shi kada ya dunƙule. Wajen cike tsakanin duwatsu, ana ƙwaƙule tsohon da hannu zuwa zurfin da ya ninka faɗin layin sau biyu. Injin yanka an hana, domin yana cin gefen dutse. A share ƙura, a jiƙa bango, a danna kwaɓin ya shiga sosai, a jira ya fara tauri, a bubbuga shi da burushi mai ƙarfi. Filasta kuma kowane shafi kada ya wuce santimita ɗaya da ɗan kai, a ba shi kamar mako kafin na gaba. Iska ce ke sa farar ƙasa ta koma dutse, kuma sai da ɗan danshi, don haka ana lulluɓe aikin da jiƙaƙƙen buhun algarara kada rana ko iska su busar da shi da wuri ya zama gari. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 a ajiye cokali. Aikin waje daga Afrilu ne zuwa wajen Oktoba, wanda kuwa ya matsa a yi masa a Disamba zai biya sau biyu.

Broad Street da Mill Street cike suke da gidajen jan bulo masu tagogi a jere, na ƙarni na 18, lokacin da masu hali na karkara suka mai da Ludlow wurin shaƙatawarsu. Da yawansu fuska ce kawai. Ka bi ta lungu ka dubi gefen gidan, sai ka ga tsohon katako a baya. Buttercross, mai agogo a ka, na 1740 da 'yan kai ne, a ƙarƙashinsa ake sayar da man shanu a da. Tagogin gidajen ana tura su sama ne, nauyin ƙarfe ko dalma da ke ɓoye a cikin firam yana riƙe su ta igiya da ke bi ta kan ƙaramar ƙafa mai juyawa. In taga ta ƙi tsayawa, igiya ce ta tsinke, ba tagar ce ta mutu ba. Akan ga kuma tagogi da aka toshe da bulo, masu zagayawa da baƙi su ce harajin taga ne na 1696 zuwa 1851. Wani lokaci gaskiya ne, amma da yawa tun farko makafi aka gina su domin fuskar gida ta daidaita.

Mai irin wannan gida ba shi da cikakken iko a kansa. Rajistar mataki uku ce, fiye da kashi 90 cikin 100 na gine-ginen Ingila da ke cikinta suna mataki na ƙasa, amma dokar 1990 ta hau kansu duka, ciki da waje. Canja taga, rushe bangon ciki, cire murhu, duk sai da izinin ƙaramar hukuma. Neman izinin kyauta ne, amsa takan ɗauki mako takwas, wani lokaci fiye. Yin aiki ba izini laifi ne da ke iya kai mai gida da magini gaban alƙali, kuma in ka sayi gida da aka yi wa aikin da bai dace ba, kai za a sa ka gyara. Jemagu ma doka ta kare su. In aka ga kashinsu a cikin rufi, aiki ya tsaya sai masani ya zo ya duba.

Gangaren Broad Street yana kai ka gadar Ludford ta ƙarni na 15, inda rundunar gidan York, masu neman sarautar Ingila, ta watse cikin dare a 1459 ba tare da an gwabza ba. Siririya ce, fitila ke ba motoci hannu bi da bi. A kogin akwai shingayen dutse da aka yi domin juya ruwa zuwa injinan niƙa da na bugun ulu. Teme daga tsaunukan Wales yake fitowa, yana cika da sauri. A Yunin 2007 ƙaramin kogin Corve ya yi ambaliya har ya karya gadar Burway. Gidan da ke da daɓen dutse da filastar farar ƙasa, in ruwa ya janye, wanki da iska kawai yake so. Filastar zamani da kafet su ne ake fitarwa a zubar. Kada a sa wuta mai ƙarfi don gaggawa, katako zai tsage. Mukan ƙiyasta wata ɗaya ga kowane inci na kaurin bango.

Kara, wato kasuwar dabbobi, ta bar cikin gari. Da tana kusa da tashar jirgin ƙasa, aka mai da ita bayan gari, aka gina kantin Tesco a wurinta. Ranar Litinin za ka ga motocin manoma suna jan tirelolin tumaki. Gwanjo ake yi, dillali yana tafe a kan katako bisa garken yana kiran farashi da sauri, masu saye suna amsawa da ɗan yatsa ko gira. Ana auna 'yan raguna garke-garke, yawanci kowanne kilo 40 zuwa 45. Kowace dabba da lambarta a kunne, kowace tafiya da takardarta. Bisa dokar da ta biyo bayan annobar cutar baki da kofato ta 2001, in manomi ya shigo da sabuwar dabba gonarsa, ba ya fitar da wata zuwa kasuwa sai bayan kwana shida. Manoman nan sun san lissafin azumi da Babbar Sallah sarai, domin farashin tumaki yakan motsa gabaninsu.

Ba komai ne ado ba. Gidaje sun yi tsada, wasu an mai da su masaukin 'yan hutu, matasa da yawa suna tafiya manyan birane, tsofaffi sun fi yawa a titi. Shagunan sadaka masu sayar da kayan gwanjo sun ƙaru, rassan banki sun ragu. Da ƙarfe biyar shaguna sun rufe, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu duhu ya fara.

Wanda zai zo, jirgin ƙasa ya fi sauƙi. Garin yana kan layin da ya haɗa Manchester da Cardiff, kamar rabin awa daga Shrewsbury ko Hereford, daga tasha zuwa kasuwa kuma tafiyar minti goma ce a ƙafa, da hawa. A Satumba ake bikin abinci a cikin fada, wanda aka fara a 1995, masauki yakan ƙare tun da wuri. Ɗan'uwa Musulmi ya yi tambaya kafin ya ci, domin naman alade yana cikin yawancin sosej da fanken nama na garin, ruwan tuffa kuma akwai mai sa maye akwai marar sa. Masallaci mafi kusa yana Craven Arms, tasha ta gaba ta arewa, kamar minti goma a jirgi. A sa takalmi mai riƙo saboda duwatsun lunguna suna santsi da ruwa. Mai son ganin fada da coci da garin gaba ɗaya ya ƙetare gadar Dinham ta 1823 ya hau tudun Whitcliffe, mai son hawa hasumiyar coci kuma ya tambaya tun da safe ko a buɗe take a ranar.